Hawan jini da ciwon suga a zafin bazara: yaya za mu kula da Hajiya a gida?

Maman Khalifa (Pantami, Gombe)

Assalamu alaikum. Don Allah masana lafiya ku taimaka mana da shawara. Mahaifiyarmu shekarunta 63, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Tana shan Amlodipine da Metformin, kuma kwanan nan likita ya ƙara mata allurar insulin mai farin ruwa kamar madara, safe da yamma. Wuta ba ta zama a unguwarmu, firij ɗin sai a hankali, ga bazara ta shigo. Idan ta ga jikinta ya yi sauƙi sai ta ajiye ƙwayoyin, ta ce ta warke. Muna da na'urar awon jini da ta suga, amma lambobin rikita mu suke yi, yau sama gobe ƙasa. Ƙafafunta sun fara kumbura, ga faso a dunduniya. Me ya kamata mu riƙa yi kullum?

Anti Nas (Jekadafari, Gombe)

Wa alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ku fara da gyara yadda kuke awon, domin yawancin lambobin da ke tayar wa mutane hankali daga nan suke fitowa.

Kafin awon jini ta yi fitsari, ta zauna a kujera mai majingina minti biyar, ƙafafu a ƙasa, kada ta harɗe su. Kada ta ci goro ko ta sha kofi minti 30 kafin nan. A ɗora hannunta a kan tebur ko matashi ya zo daidai ƙirji, a ɗaura abin a fatar damtse, yatsa biyu sama da gwiwar hannu, ba a kan hannun riga ko hijabi ba. Kada a yi mata magana har na'urar ta gama. A auna sau biyu, minti ɗaya a tsakani, da safe kafin shan magani da kuma da yamma. Idan Hajiya mai jiki ce, ku duba ko abin ɗaurawar ya ishe ta, don ƙarami yana ƙara lamba fiye da gaskiya. Abin da ake so shi ne ƙasa da 140/90, kuma likita na iya sa mata ƙasa da haka saboda sugan. Awo ɗaya da ya yi sama ba abin tsoro ba ne, na mako guda ake dubawa. Amma idan ya kai 180/120, a huta a sake. Idan yana nan, ko akwai ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani ya dushe, sai asibiti a lokacin. Haka idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe: shanyewar ɓarin jiki ce ke sallama, kada a tsaya shafe-shafe ko jiran gari ya waye.

A awon suga, a wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino yana iya ba da lamba mai firgitarwa alhali jinin lafiya ƙalau. A huda gefen yatsa, ya fi tsakiya sauƙin zafi. Robar tsinken awon a rufe ta nan take, kada a bar ta a taga ko cikin mota, a kuma duba ranar lalacewarta. Ga yawancin manya ana son 80 zuwa 130 da safe kafin cin komai, da ƙasa da 180 awa biyu bayan abinci. Idan na'urarku ƙananan lambobi take nunawa, irin su 6.5 ko 9.2, ku ninka da 18 ku sami ɗaya ma'aunin.

Tunda ta fara insulin, faɗuwar suga ta fi hawansa gaggawa, kuma kowa a gidan ya san alamominta, har yara: karkarwa, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa kwatsam, faɗa ba dalili ko magana ba kan gado. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. A dama ƙaramin cokali uku na suga a ruwa ta sha, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga, a sake awo bayan minti 15, a maimaita idan bai hau ba, sannan ta ci abinci. Idan ta suma kada a ɗura mata komai, zai iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da ita ta gefe a nufi asibiti.

Ku sayi littafin rubutu ɗaya, ku riƙa sa kwanan wata, lokaci, awon jini, awon suga da abin da ta ci. Shi za ku riƙa kai wa likita.

Malam Sani mai harhaɗa magunguna (Kumo)

Allah ya ƙara afuwa. Zan ɗora kan abin da Anti Nas ta faɗa, ta ɓangaren magani.

Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8. Firiza kuwa kashe shi take yi. Wanda ya daskare a zubar ko ya narke. Kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai wa kimanin mako huɗu ba firij, muddin ba ta wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon abin da takardar cikin kwalin ta ce. To ɗakin kwano a Gombe a watan Maris da Afrilu ya wuce haka nesa. Abin da ke aiki shi ne tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar, a sa ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sosai safe da yamma. Kwalbar a sa ta a ƙaramar roba mai murfi sannan a ajiye cikin ƙaramar tukunyar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Bushewar ruwan ce ke sanyaya ciki, shi ya sa yashin da ya bushe ba ya tsinana komai. Kada a tsoma kwalbar tsirara cikin randa, takardarta za ta ɓare, ruwa kuma ya gurɓata bakin robar. Ku rubuta ranar buɗewa a jikinta, kuma kada ku tara kwalabe da yawa a gida a wannan yanayin.

Mai farin ruwan ana mirgina shi ne tsakanin tafin hannu kamar sau goma har ya haɗe, ba a jijjiga shi. Idan ya yi gudaji, ko ya manne a jikin kwalba, ya lalace. Ku duba jikin kwalbar: idan U-100 aka rubuta, sirinjin ma U-100 za ku saya, haka U-40 da nasa. Saɓa su yana sa mutum ya yi wa kansa fiye da ninki biyu na abin da aka rubuta masa, ko ƙasa da rabi. Irin wannan insulin ana yin sa kamar minti 30 kafin abinci, don haka sai an sauke abinci daga wuta a yi allura. A riƙa sauya wuri, ciki da cinya, ana barin yatsa biyu daga cibiya da kuma tazara daga inda aka yi jiya. Wurin da ake nanatawa yana yin kulu, maganin ya daina shiga jini yadda ya kamata.

Batun ajiye magani shi ne ya fi damuna. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, sauƙin da take ji aikin ƙwayar ne, ranar da ta daina jinin zai koma inda yake. Ku ɗaura shan maganin da abin da ba ta mantawa, kamar bayan sallar Asuba da karin kumallo, kuma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin miƙa mata. Metformin a tsakiyar abinci ake sha, don ya rage murɗar ciki da gudawa. Kumburin idon sawu sananne ne ga masu shan Amlodipine, amma ƙoda da zuciya ma suna kawo shi, don haka a nuna wa likita ya tantance ya sauya idan da buƙata, kada ku yanke da kanku.

A yi hattara da maganin ciwon gwiwa na kemis. Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda, haɗin da ake ƙullawa a leda kuma sau da yawa da Dexamethasone ko Prednisolone a ciki, masu harba suga sama. Paracetamol ya fi mata aminci. Jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba su ma ƙodar suke wahalarwa. Idan amai da gudawa suka kama ta har ba ta iya shan ruwa, a tuntuɓi likita a ranar, domin akan dakatar da Metformin a irin wannan hali, insulin kuwa ba a yanke shi haka kawai.

Maman Khalifa (Pantami, Gombe)

Allah ya saka da alheri, sirinjin ma ban taɓa lura da rubutun jikinsa ba sai yanzu. Saura abinci. An ce mana tuwon alkama kawai za ta ci, ta gaji da shi har tana ƙin cin abinci. Tana kuma son yin azumin Litinin da Alhamis.

Hajiya Asabe (Bauchi)

Maman Khalifa, ku sauke wa baiwar Allah wannan hukuncin. Alkama, dawa, gero, masara, shinkafa da acha duk sitaci ne, duk suna komawa suga a jiki. Garin alkama da aka tace ya yi laushi ba shi da wata falala a kan tuwon dawa da aka niƙa da dusarsa. Yawan abin da ta ci shi ne magana. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta ta isa, sai miya ta yi yawa: kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, yakuwa. Idan a faranti ne, rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. Wake babban abokinta ne, yana ƙosarwa kuma sugansa a hankali yake fita. Shinkafa da wake a rinjayar da waken, alala da kwaɗon zogale ko rama su shiga jerin abincin mako.

Masa ba haramun ba ce gare ta, ni 'yar Bauchi ba zan ce haka ba. Biyu da miyar taushe, ba suga ba zuma, kuma ba kullum ba. Abin da ya fi saurin ɗaga suga shi ne abin sha: kunun zaƙi, fura da suga, shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, lemon kwalba, da maltina da ake kai wa marar lafiya dubiya da zuciya ɗaya. Zuma ma suga ce. Mangwaro ƙarami ɗaya, kankana yanka ɗaya, dabino biyu, a rarraba su cikin yini. Hanyar sanin abin da ya karɓe ta ita ce awo awa biyu bayan ta ci, a rubuta a littafin nan.

Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe, kuma har da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi, burodi, yajin tsire, kilishi da garin taliyar yara. Kanwa ma tana cikin lissafi. Ku rage a tukunyar gidan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tumatir. Cikin 'yan makonni baki yake sabawa, kuma ta daina jin an ware ta. Ruwa ta sha sosai a zafin nan, sai dai idan likita ya ƙayyade mata saboda ƙoda ko zuciya.

Abu Fatima (Bajoga)

Azumin nafila ga wadda ta fara insulin sau biyu kwanan nan, ni shawarata ta dakata sai suga ya daidaita kuma likitanta ya amince ya gyara mata yawan allurar. Yin allurar safe yadda ta saba sannan ta wuni ba ci, hanyar suma ce. Na Ramadan a je a tattauna tun wata ɗaya ko biyu kafin ya kama. Duk ranar da take azumi suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamomin faɗuwa suka zo, ta karya ko saura kaɗan a sha ruwa. Digon jinin awo ba ya karya azumi.

Ƙafar kuma kada a raina ta. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Kullum da yamma wani ya duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu a wuri mai haske. Bayan alwala ta goge tsakanin yatsun su bushe, don danshi ke kawo ruɓewar fata. A shafa basilin ko man kaɗanya a dunduniya, ban da tsakanin yatsu. Kada a kankare faso ko kaushi da reza, kada a kira mai yankan farce na yawo. A yanke farcen a miƙe da abin yanka na gida. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, simintin azahar a bazara yana ƙona ƙafa ta yi bororo. Ta zazzage takalmi kafin ta sa, ruwan wanka kuma a gwada shi da gwiwar hannu. Duk ciwon da ya yi ja, ko wari, ko ruwa, ko baƙi, ko ya kwana biyu bai fara kamewa ba, a kai shi asibiti, kada a barbaɗa masa garin kafso ko toka.

Tafiya ta minti 30, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan La'asar, da ƙwayoyin suga uku ko huɗu a jakarta. Idan gwiwa ta hana, minti goma-goma bayan kowane abinci ma yana sauke suga.

A zuwanku na gaba, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ku nemi a yi mata HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku. Gwajin ƙoda na jini da na fitsari, da duba bayan ido, aƙalla sau ɗaya a shekara ko ba ta kuka da komai. Ku tafi da littafin, da na'urorin biyu don a gwada su da na asibiti, da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu har da na gargajiya. Ku kuma tambayi ofishin GoHealth, tsarin inshorar lafiya na Jihar Gombe, yadda ake rajista da irin magungunan da tsarin ke ɗauka.