Zarnin fitsarin muzuru ya ƙi barin katifata

Assalamu alaikum. Makonni 3 ke nan da muzurun gidanmu, wanda ba a dandaƙe shi ba, ya yi fitsari a kan katifar soso, kuma har yau zarnin bai fita ba. Na wanke wurin da garin sabulu sau 2, na shanya katifar a rana yini guda, sai warin ya lafa, amma da zarar an yi ruwan sama ɗaki ya ɗauki danshi sai ya dawo sabo. Na zuba ruwan khal, na barbaɗa bekin soda ta kwana, duk a banza. Turaren wuta kuwa gauraya ya yi da zarnin, abin ya ƙara muni. Bilic, wato sinadarin faranta tufafi, ban taɓa shi ba, domin haɗuwarsa da amoniyar fitsari na fitar da iska mai guba.

Na fahimci cewa gishirin yurik asid, wani sinadari da ke cikin fitsarin, shi ne ke maƙalewa cikin soson, ruwa ba ya narkar da shi sosai, kuma muzurun ya fara komawa wurin yana shinshina. Shin maganin wanki mai sinadarin enzayim, wato mai narkar da ƙazanta irin ta fitsari, zai iya ratsa soso mai kauri ya kashe wannan zarni gaba ɗaya? Na gode.