Wai da gaske gem yana kashe talabijin, ko wayon manya ne?

Sadiƙu: Salam jama'ar gida. Yau dai sai an yi ta tunda na ga Baffa ma yana nan yana karantawa shiru. Wannan zancen da aka raine mu da shi, wai gem yana kashe talabijin, babu shi. Wayon manya ne kawai don a kore mu daga falo. Allah ya huci zuciyar Baffa, amma wanda yake da hujja ya kawo.

Hauwa: Kai Sadiƙu ka ji tsoron Allah. Tibin falon Hajiya mai ƙofar katako fa, me ya kashe ta? Ba ku ne kuka kwashe dogon hutu guda kuna tin tin tin da Mario a kanta tun safe har la'asar ba, ana komawa makaranta hoton ya fara rawa yana hawa sama, daga nan sai shuuu kawai. Da idona na gani ba labari aka ba ni ba.

Sadiƙu: Yaya Hauwa wannan tibin ai ta girme ki, kwananta ne ya ƙare. Ni hujjata ɗaya ce, gidan gem na bakin layinmu. Tibi huɗu ƴan inci 14 a jere kan benci, daga tara na safe har dare ba a kashe su sai in wuta ta ɗauke mai shagon ya tada janareto, Winning Eleven kawai ake bugawa naira ashirin wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Tun zamanin PS1 har PS2 ta zo su ne dai tibin nan, ko ɗaya ban ga ta mutu ba. To in gem na kashe tibi ai da mutumin nan ya daɗe da karyewa.

Hauwa: Ka san sau nawa ya kai su gyara? Kai da kake zuwa a sace ka dawo kana warin hayaƙin janareto.

Auta: Hhhh ni dai abin da na tuna kaset ɗin nan ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999999 in 1, ka kunna ka ga suna har ba iyaka ashe gem bai fi goma ba suke ta maimaitawa, Mario, Contra, tanki, harbin agwagwa, shi kenan. Kuma ni kullum fad ɗin da ba a jona ba ake miƙo min ina ta dannawa ina ihu na ci, ashe Yaya Sadiƙu ne ke bugawa. Allah ya isa ban ce ba dai.

Bala: Ku tsaya mai sana'a ya yi magana. Maganar tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba. Tibin da, mai ƙeya, bayan gilashinta akwai wani shafe da ke haske in wutar ciki ta buge shi, to in hoto ɗaya ya tsaya cak wuri ɗaya na tsawon lokaci sosai, wajen yana gajiya ya fi sauran dishewa, sai ka ga inuwar abin ta zauna ko ka canza tasha. Ya faru da gaske a Amurka lokacin da Atari ta fitar da Pong na gida a 1975, layin tsakiyar filin nan da maki suna zama a gilashi. Shi ya sa a na'urarsu ta 1977, Atari 2600, in ka bar gem ba ka taɓa shi ba sai launuka su riƙa canzawa da kansu. Nintendo ma ta rubuta gargaɗi a takardar cikin kwali, kar a jona da manyan tibin nan masu haska hoto daga baya.

Hauwa: Alhamdulillah. Sadiƙu ka ji ko? Kamfanin da kansa ya faɗa.

Bala: A'a Yaya ban gama ba. Irin waccan babbar tibin wa yake da ita a unguwarmu? Tamu ta gida kafin hoto ya zauna mata sai an bar abu ɗaya kwana da kwanaki ba motsi, mu kuwa da wutar ma ba ta yin awa huɗu a jere. Kuma alamar da kika faɗa, hoto na rawa sannan shuuu, wannan ba ƙonewar gilashi ba ce. Ramin eriya ne. Famili gem ɗinmu ba ta da wajen jona wayar nan mai kai ja da fari da ruwan ɗorawa a tibin Hajiya, dole sai an zare eriya an cusa tata a ramin, a murɗa a nemo tashar da za ta fito. Kullum zare cusa zare cusa da hannun yara masu sauri kar a kama su, dalmar da ta riƙe ramin daga ciki sai ta saki. Aikin minti goma ne wajen mai gyara.

Sadiƙu: Yawwa. Kenan ba gem ba ne.

Hauwa: To don me ake zare eriyar, don a yi karatu? In ba gem wa zai taɓa bayan tibin? Wannan ai kamar ka ce ba mota ce ta buge shi ba, taya ce.

Hamza: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu namu ya fi naku ban haushi. An kawo mana Sega daga Kano, Sonic da Mortal Kombat, muka jona sai ga hoto baƙi da fari, Sonic da kowa ya sani shuɗi ya koma ruwan toka. Tsoho na shigowa ya gani ya ce shi kenan mun shanye kalar tibin, ko tsayawa bai yi a maida Télé Sahel ya ga kalar na nan ba, ya naɗe wayoyin ya kulle a durowa.

Bala: Wannan tsarin kala ne ya saɓa ɗan'uwa. A lokacin Najeriya PAL muke, ku Nijar SECAM irin na Faransa, Amurka da Japan kuma NTSC. In tibin ba mai cin kowane tsari ba ce sai ta nuna hoton ba kala, ba abin da ya same ta. Mu ma nan in aka samo gem na gwanjo daga Amurka haka yake yi. Wanda ma ya fi shi haɗari wuta ce, tasu 120 ce, ta Japan 100, tamu 230, ka jona kai tsaye ba tiransifoma mai rage wuta sai dai ka ji ɗas da ƙauri. Amma a nan ma gem ɗin ne ke mutuwa, tibi na zaune lafiya.

Auta: Bindigar fa? An ce min in na cika harbin agwagwa gilashin zai fashe, kuma da gaske in ka harba tibin tana ƙiftawa.

Bala: Ba abin da ke fita daga bindigar nan Auta, ido ne a cikinta. Kana danna kunamar sai allon ya yi baƙi na ƙiftawar ido, a sa farin akwati daidai inda agwagwar take, in bakin bindigar ya ga haske to ka samu. Shi ya sa ba ta aiki a tibin bango ta yanzu. Abin da zai fasa gilashi shi ne yadda kuke manna bakinta a jikin tibin don kar karen nan na cikin gem ɗin ya yi muku dariya.

Sadiƙu: Kai karen nan, har yau ina jin haushinsa. Bala ka tuna sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A? Rai talatin a Contra, ɗan makwabta ya sayar mana da sirrin a kan rabin burodi.

Hauwa: Kar ka canza zance malam, ba a gama ba.

Baffa: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Sadiƙu, kai da kake cewa wayo ne, wa ya ɗauki talabijin ɗin nan a bayan babur ya kai ta gyara? Ni ne, ba sau ɗaya ba. Mai gyaran bai yi mini dogon turancin Bala ba, cewa ya yi yara ne, a hana su. Sannan mutum ya dawo daga kasuwa a gaje yana son ya ji labaran ƙarfe tara na NTA, ya kunna ya tarar babu NTA babu CTV, kun murɗe komai, eriya na lilo, ga wannan baƙin adaftan naku ya yi zafi a jikin soket kamar zai kama da wuta. Abin da ya sa ka biya kuɗi kuma ya hana ka kallo, ni a wajena ya lalata. Ban janye ba.

Sadiƙu: Allah ya ƙara girma Baffa, barka da dare. Amma dai ka ji Bala ya ce ramin eriya ne kawai, da an ce mana ku daina zare eriya ai da mun gane.

Baffa: Da kun gane? Ku da aka ce kar ku taɓa gaba ɗaya ma kuka riƙa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kanta don kar in dawo in ji ta da ɗumi. Kuna tsammanin ban sani ba.

Bala: Innalillahi, ruwa a kan tibi mai ƙeya? Ramukan iskan nan na sama kai tsaye suke kallon allon ciki, ga wuta mai ƙarfin dubban bolt a wajen. Wallahi wannan ya fi gem ɗin haɗari nesa ba kusa ba. Wa ya kawo wannan dabarar?

Hauwa: Sadiƙu ana tambaya.

Sadiƙu: Ba a matse tsumman ba ne? Ana matsewa fa sosai.

Baffa: Kuɗin gyaran dai ban yafe ba, ku haɗa ku turo, Bala ya lissafa da canjin yau.

Auta: Baffa a cire sunana a lissafin don Allah, fad ɗina ko a jone bai taɓa kasancewa ba.