Mu huɗu muka yarda mu ba da ƙoda: da wane gwaji ake farawa?

Abu Mabera:
Assalamu alaikum. Yayanmu yana kan wankin ƙoda, mu huɗu a gida mun yarda mu ba shi. An ce gwaje-gwajen kan ci watanni. Masana, ta ina ake farawa don kada kuɗi da lokaci su salwanta?

Likitan Ƙoda:
Wa alaikumus salam Malam Abu, Allah ya ba shi lafiya. Ku huɗun ku je tare rana ɗaya a yi muku masu araha: rukunin jini, awon hawan jini, suga, fitsari, kiriyatinin (sinadarin jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki), HIV da ciwon hanta B da C. Mai rukunin O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa. Alamar + ko − ba ta da tasiri a dashen ƙoda, kada a cire wani saboda ita.

Sai wanda ya tsallake wannan za a kashe wa kuɗin gwajin HLA (na dacewar ƙwayoyin jikin mai bayarwa da mai karɓa) da hoton CT (hoton cikin jiki na na'ura). Hoton yana nuna yawan jijiyoyin kowace ƙoda da ko akwai tsakuwa. Galibi ta hagu ake cirewa don jijiyarta ta fi tsawo. A ƙa'idar KDIGO (ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ƙoda) ta 2017, ƙarfin tacewar ƙoda 90 zuwa sama ya yi, 60 zuwa 89 sai an duba shekaru da sauran lafiya, ƙasa da 60 ba a karɓa. Yi wa mutum huɗu CT tun farko ɓarnar kuɗi ce kawai.

Hajiya Ta Lab:
Abin da ya fi jawo jeka-ka-dawo shi ne samfurin da ya lalace. Kada a ci tsire ko kilishi a daren jajibirin gwaji, dafaffen nama yana ɗaga kiriyatinin. A sha ruwa sosai, domin zafin Sakkwato yana busar da jiki, sakamako ya fito kamar ƙodar ta gaza. A daina shan magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen. Gwajin suga kuwa sai an yi awa 8 ba a ci komai ba.

Fitsarin awa 24: na farkon safiya zubarwa ake yi, a tara duk na bayansa har da na washegari da safe. Aka manta ɗaya, sai a sake. Wanda ya taso yana wanka a gulbin Rima ko dam ɗin Goronyo, a nemi ƙwan tsargiya idan an ga jini a fitsarinsa. Ana maganinta a maimaita gwajin. Mace kuma ta bari sai ta gama al'ada. A haɗa da jinotayif, mai AS sai likita ya yi nazari a kansa.

Malam Jinya:
A birnin Belfast na Ireland ta Arewa tun 2010 suke haɗa gwaje-gwajen a yini ɗaya, don haka ku roƙi a jera muku jini, hoton ƙirji, ECG (awon bugun zuciya) da ganin likita a rana guda. Amma ganawa da mai bayarwa shi kaɗai, ba dangi a ɗakin, ba a tsallake ta. Yana da damar janyewa ko da ranar tiyata ce, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki.

Malam Abu, ku kula da ƙarin jini ga yayanku. Kowace leda na iya sa jikinsa ya ƙera garkuwar da za ta ƙi ƙodar. In an ƙara masa bayan gwajin haɗa jininsa da na mai bayarwa don ganin ko jikinsa zai karɓi ƙodar, dole a sake gwajin kafin a shiga tiyata.