Takardar riƙon yara: tanadi ne ko zargin dangi?

Baffa: Salamu alaikum. Na ji Baban Husna zai je wurin lauya ya rubuta wanda zai riƙe masa yara in wani abu ya same su shi da matarsa. Ni a ganina wannan zargin dangi ne. Gidan da ke da baffanni da gwaggwanni, yaro ba ya rasa mariƙi. Takarda ta wanda ba shi da kowa ce.

Baban Husna: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, Baffa, wallahi ba zargi ba ne. Ba ma mutuwa ce ta fi damuna ba. Mutum yana da rai amma shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ko haɗarin mota ya kwantar da miji da mata tare. Wa zai biya kuɗin makaranta? Wa zai karɓi hayar shago?

Gwaggo: Mu mana. Ko mun mutu ne?

Anti Nas: Gwaggo, Allah ya bar mana ku. Amma a asibiti muna gani. Za a yi wa yaro tiyata, ana neman wanda zai sa hannu, sai dangin uwa su ce su ne, dangin uba su ce su ne. Kowa da kyakkyawar niyyarsa, yaron kuma yana kwance yana jira.

Baffa: Ai wannan ba abin gardama ba ne. Ɗa na dangin uba ne.

Malam: A nan kam, Baffa, a gafarce ni. A mazhabar Malikiyya riƙon yaro daban, kula da dukiyarsa daban. Riƙo, wato haɗana, na uwa ne. In babu ita sai kaka ta wajen uwa, sannan inna. In babu kowa a dangin uwa, sai a dawo kan yayyensa mata da gwaggwanni, kafin a zo kan maza. Haka yake a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya. Ana riƙon namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. To kun ga, Baban Husna ma ba shi da ikon ɗaukar alƙalami ya ƙwace wannan haƙƙi daga hannun kakarsu ya ba abokinsa.

Baffa: Yawwa. Ashe takardar banza ce.

Malam: Ban ce ba. Dukiyar yaro tana hannun uba ne, in ya rasu sai wasiyyin da ya naɗa, in bai naɗa ba sai alƙali. Baffa ba ya zama waliyyin dukiya don kawai shi baffa ne. Kuma hadisin Ibn Umar yana cikin Bukhari da Muslim: bai kamaci Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Abin da ke da asali irin wannan, ba za mu kira shi zargi ba.

Barista: Malam ya yi daidai, sai dai akwai wurin da wasiyya ba ta kai, kuma shi ne Yaya yake tsoro. Wasiyya ba ta aiki sai an mutu. Mai dogon suma bai mutu ba. Mutane sai su ce to a rubuta takardar wakilci, alhali wakilci na gama-gari yana faɗuwa da zarar mai bayarwa ya rasa hankalinsa. Zai yi amfani ga wanda jikinsa ya gaza amma kansa ƙalau. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, sai kotu ta naɗa mai kula.

Auta: Yaya Barista, ba na sa sunan mutum a banki a matsayin makusanci ba? Shi ba zai cire kuɗi ba?

Barista: Ko sisi. Wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne kawai. In ana son a rage wahala, a buɗe asusun haɗin gwiwa wanda kowane ɗaya zai iya sa hannu, a ajiye kuɗin makaranta da na magani a ciki.

Baffa: To in ƙarshenta kotu za a je, me takardar ta tsinana?

Barista: Alƙali bai san gidanmu ba, Baffa. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa batun ƙaramin yaro, da kula da Musulmin da ya gaza a jiki ko a hankali, cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa, wato doka ta san da irin wannan hali. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta ce maslahar yaro ce a gaba da komai. Alƙali zai tambayi wa ya cancanta. In ga rubutun iyaye da shaidu biyu, sun ce wane muka amince wa, ga gonaki, ga shago, ga bashin da ake binmu da wanda muke bi, an sauƙaƙa masa. Ba dole ne ya bi ba, amma hujja ce mai nauyi. In babu, sai rantse-rantse, kuma a nan zumunci ke lalacewa.

Gwaggo: Ni abin da ke ci mini rai shi ne a zaɓi ɗaya a bar sauran. Wanda aka bari zai ji an raina shi.

Malam: Gwaggo, nauyi ne ake ɗora wa wanda aka zaɓa. Suratun Nisa'i aya ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Aya ta 6 ta ce in za a miƙa musu dukiyarsu a kafa shaidu. Lissafin da ke rubuce kariya ce ga mai riƙon kansa ranar da yaran suka girma suka tambaya.

Baffa: Har yanzu ban gamsu da kai maganar gida ofishin lauya ba. In dole sai an rubuta, a rubuta a zaurena, Malam yana zaune, a kira dangin Maman Husna su ma su ji da kunnensu. Ba na son wata rana a fito mana da takardar da ba mu san da ita ba.

Baban Husna: Na yarda da wannan, Baffa. Barista sai ya zo da abin rubutu.

Anti Nas: Kafin nan a tambayi kakarsu, Yaya. Tana fama da ciwon suga da na ƙafa. In ba za ta iya da yara huɗu ba, gara ta faɗa da bakinta, a san innar da ke biye da ita tun yanzu.