Dasashina na jini, likita ya ce a cire haƙori biyu

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawara daga nan Damagaram. Wajen wata 8 ke nan dasashina na jini, ko aswaki na sa da asuba sai in tofa jajir, ga warin baki har ina jin nauyin yin magana kusa da mutane a masallaci. Na je wajen likitan haƙori ya kankare min dattin da ya daskare a gindin haƙora, ya rubuta amoksisilin da ruwan kurkure baki na kuloheksidin, jinin ya ragu gaskiya amma yanzu ruwan randa ma in na sha sai tsami ya ratsa min har kai, kuma na ga giɓi tsakanin haƙoran da da babu shi. Da na koma sai ya ce biyu na ƙasa suna girgiza, ƙashin da ke riƙe su ya cinye, a cire kawai, alhali ko hoto bai ɗauka ba, shi ne hankalina ya ƙi kwanciya. Ina da ciwon suga kuma na gaya mishi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, haƙori mai girgiza yana sake kamawa? Ko in daure in je Yamai wani likitan ya duba kafin a cire?