Jibi za a sallame mu, amma gabana faɗuwa yake yi

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum iyayen yara. Satinmu 6 a asibiti, jibi sallama. Ciwon shawara ne ya taɓa wa Sadiƙ ƙwaƙwalwa tun yana jariri, yanzu ba ya iya haɗiya, sai ta robar hanci. Dangi sai barka suke min, ni kuwa ko barci na kasa. Sau ɗaya nas ta nuna min yadda ake ba shi abinci, a tsaye, tana sauri. Don Allah waɗanda suka riga mu komawa gida, me kuka tarar?

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam, ya mai jiki? 'Yar'uwa, kada ki fita sai kin ba shi da hannunki sau uku ko huɗu nas na kallo. Ni kunya ta hana ni tambaya. Daren farko Hassana ta fizge robar da ƙarfe 2, unguwa shiru, ba ko Keke Napep. Na zauna da sirinji a hannu, tana kukan yunwa ina kuka, har aka kira assalatu. Ki sa su yi miki alama a jikin robar daidai bakin hanci, kullum ki duba kafin ki ba shi. Ki jingina shi zaune lokacin ci, ki bar shi haka kamar rabin awa. In ya fara tari ko leɓensa ya canja launi, ki tsaya nan take. In robar ta fita, kada ki mayar da ita da kanki.

Baban Amira: Mu wuta ce ta wahalar da mu. Na sayar da babur na sayi injin oksijin, ban yi lissafin NEPA ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ya fi maganin cin kuɗi. Da ƙyar muka haɗa sola, muka ajiye tukunyar oksijin ɗaya saboda dare.

Kakar Nana, Maraɗi: Jikata ciwon suga gare ta, allurar insulin kullum, mu kuma ba firji. Kwalbar nake sawa a gwangwani mai murfi, in binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Ɗiyata, ki koya wa mutum na biyu a gidan. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da uwarta, ni na yi allurar hannuna na rawa.

Maman Sadiƙ: Allah Ya saka da alheri. Gobe zan zo da ƙanwata ta koya tare da ni. Maman 'Yan Biyu, in kunu kike ba Hassana, da me kike tacewa don kada ya toshe robar?