Neman Shawara Kan Dulce de Leche Mai Tsinkewa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana girki. Ina neman shawararku kan dulce de leche, madarar da mutanen Ajantina ke dafawa da sukari har ta yi kauri, su shafa ta tsakanin biskit ɗin alfajores. Nakan haɗa lita 1 ta madarar shanu da giram 250 na sukari da ɗan bekin soda, in riƙa juyawa a wuta kaɗan, amma da zarar ta fara ja sai ta tsinke, gudaji su manne wa muciya, gindin tukunya kuma ya kama. Shin tsamin madarar ne sanadi, ko sodar ce ta yi kaɗan? Kuma kanwa za ta iya maye gurbinta? Allah ya saka da alheri.